Gaisuwar Surukai: Shin Dole Ne Sai Na Durƙusa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni saurayi ne ɗan shekara 28, ina aiki a Kaduna. A watan jiya na je gaishe da baffan yarinyar da nake nema da aure. Na same shi zaune a zaure kan tabarma, na yi sallama, na miƙa masa hannu daga tsaye, na ce, "Baba, ya aiki, ya iyali?" Muna cikin magana wayata ta yi ƙara, na ɗauka. Bayan kwana biyu saƙo ya iso gidanmu wai ba ni da kunya. Mahaifiyata ta ce laifina ne da ban durƙusa ba. Ni kuwa a Islamiyya an koya mana cewa ba a rusuna wa kowa sai Allah, kuma a ganina ladabi a zuci yake. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Zaton da nake yi shi ne, ko da ka durƙusa a ranar, da wuya saƙon da ya iso gidanku ya canja, domin rashin durƙuson shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin abubuwan da dattijon nan ya gani. Amma tun da a kansa kuka saɓa da mahaifiyarka, bari mu fara da shi.

Gardamar ta girme ka, ta girme ni. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci jihadin 1804, ya lissafa zuba ƙasa a ka yayin gaisuwa, wato afi, cikin miyagun al'adun sarakunan zamaninsa a littafinsa Kitabul Farƙ. Akwai kuma hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, inda aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya ce a'a, da aka tambaye shi batun musafaha kuwa ya amince. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 maganar ta sake tashi da ƙarfi, har ta shiga tsakanin 'ya'ya da iyaye a gidaje da yawa, daga Kano har Maraɗi. Saboda haka abin da aka koya maka yana da tushe. Sai dai malamai ba su haɗu a kan cewa tsugunnon da yaro ke yi gaban babba daidai yake da ruku'u ba, kuma wannan hukunci na masu fatawa ne, ni kuwa fagena al'ada. Abin da zan iya gaya maka shi ne al'adar da kanta ta bar maka ƙofa.

Abin da Bahaushe ke dubawa shi ne kada kan yaro ya kere kan babba. Idan dattijo yana zaune a tabarma kai kana tsaye, dole ya ɗaga kai ya dube ka, kuma wannan ɗaga kan shi ne abin da ke sosa masa rai. Da ka tuɓe takalmi a bakin zaure, ka yi sallama, ka jira izini, ka nemi gefen tabarma ko ƙasa ka zauna ka tanƙwashe ƙafa, sannan ka buɗe baki ka yi gaisuwa, da ba ka rusuna wa kowa ba, kuma babu mai cewa ka yi tsageranci. Almajirai haka suke zama gaban malamansu tun fil azal.

Sai batun hannu. A wajen tsara, wanda ya riga miƙawa ya fi lada. A wajen babba, musamman suruki, shi ke da ikon miƙowa, idan ya miƙo ka tarba da hannu biyu, ka mayar da naka ƙirji, idan kuma bai miƙo ba babu abin da ya ɓaci. Kalmominka ma sun yi nasu aikin. "Ya aiki, ya iyali?" gaisuwar abokai ce, ta mutanen da ke cin tuwo a akushi ɗaya. Yaro cewa yake, "Ina wuni, Baba, an wuni lafiya?" Ka lura da wannan "an" ɗin, wanda ke kauce wa nuna babba kai tsaye da "ka", kamar yadda a gidaje da yawa ake cewa "kun" ko "su Baba sun fita" alhali mutum ɗaya ake nufi. Daga nan sai yaro ya yi shiru, kansa a ƙasa, babba ne zai ja zaren gaisuwar: ya mutanen gida, ya wajen su Malam, ya hanya. Ita kuwa wayar da ka ɗauka, ba na jin akwai mazhabar da za ta kare ka a kanta.

Ka ce ladabi a zuci yake, kuma ban musa ba, amma labarin zuciya fuska ake tambaya. Mutumin da bai taɓa ganinka ba, wanda ake neman ya sa baki a miƙa maka 'yar ɗan'uwansa, ba shi da ma'aunin da zai auna zuciyarka da shi sai waɗannan 'yan mintoci. Kuma kalmar da ya zaɓa, kunya, tana da nauyi na musamman a tsakanin surukai. Wannan ita ce alkunyar da ke hana mutum cin abinci gaban surukinsa, ta hana mace kiran sunan mijinta ko ɗanta na fari, ta sa yaron da aka raɗa wa sunan kakansa ya tashi ana kiransa Abba ko Baffa ko Mai Sunan Malam, har wani lokaci abokansa ba su san sunansa na yanka ba. Wanda ya tashi cikin wannan tsari, idan saurayi ya tsaya a kansa yana amsa waya, abin da yake karantawa shi ne yaron bai san matsayin gidan da ya shigo ba.

Kada ka ɗauka cewa tsarin duk takura ne. Al'adar da ta hana ka haɗa ido da suruki ita ce ta ba ka damar tsokanar kakarka ka kira ta matarka, ta kuma halatta wasa tsakanin taubasai. Ladabin Bahaushe sanin wa ke gabanka ne, da sanin abin da ya dace da shi.

A nan ne nake ganin mu manya ba mu da bakin zargi sosai. Da can yaro a babban gida yake tashi, yana ganin ubansa na tuɓe takalmi gaban kakansa kowace safiya, ana aikensa zaure da ƙwaryar fura, yana jin yadda ake gaisawa sau goma kafin azahar, babu wanda ya zaunar da shi ya ba shi darasi. Yau da yawa sun tashi a gidan haya mai ɗaki biyu da falo, babu zaure, babu kaka, baƙo kuma a kujera yake zama kafaɗa da kafaɗa da mai gida. A makaranta an koya musu su miƙe tsaye idan malami ya shigo, a wurin aiki an koya musu su dubi mutum cikin ido su yi magana, sai ga shi a gida waɗannan abubuwa biyu su ne alamar fitsara. Wayar salula ma sai a 2001 ta shigo hannun jama'a a Najeriya, kuma har yanzu ba mu daidaita kan ladubbanta ba, don na sha ganin dattijo yana amsa waya a tsakiyar zaman makoki. Hadisin da muke yawan jawo wa yara kuwa, wanda ya ce ba ya cikinmu wanda bai san girman babbanmu ba, a cikinsa ne aka ambaci jin ƙan ƙaraminmu. Da baffan ya ja ka gefe, ko ya yi wa waliyyinka magana a asirce, da ya fi kusa da dattaku.

Duk da haka, kai ne mai nema, kuma gyaran a hannunka yake. Kada ka aika da saƙon waya, kada kuma ka je da hujjoji, domin ranar ba ta muƙabala ba ce. Ka nemi wani baffanka ko aminin mahaifinka ya raka ka, ku riƙe goro, ku je bayan la'asar ko da hantsi. Ka kashe wayar tun daga ƙofar gida, ka zauna ƙasa a bayan wanda ya kawo ka, ka bar shi ya yi bayani ya ba da haƙuri a madadinka. Idan aka juyo kanka, "Na yi kuskure, Baba, a yafe mini" ta wadatar. Idan ya yi faɗa ka saurara har ya gama, kada ka katse shi, kuma kada ka miƙe sai ya sallame ku.