Abin da Ya Sa Dattawanmu Suke Gudu a Ingila

Yaya, na ga tambayarka game da hoton shugaban ƙungiyarmu, da furfurarsa, yana sassarfa cikin takalmin gudu. Ka ce babba ba ya gudu sai da dalili, kana fargabar ko zaman Turai ne ya sa mutanenmu suka saki kamun kai. Tambayar tana kan hanya, bari in warware maka.

A nan yawancinmu aikin zama muke yi, daga mota sai ofis, ga sanyi da ke kulle mutum a ɗaki wata da watanni. Da hawan jini da ciwon suga suka fara yawa a cikinmu, likitoci suka ce a motsa jiki. Haka muka shiga parkrun, gudun kilomita 5 da ake yi kyauta a filayen shaƙatawa duk Asabar da safe. Paul Sinton-Hewitt ne ya fara shi a Landan a 2004 da mutum 13, yau ya bazu ƙasashe da dama. Lafiya muka je nema, amma masu riƙe da ragamar al'umma sun samo wani abu ƙari.

Duk sabon shiga da zafi yake farawa, kuma jiki yana yaudararsa. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin 'yan makonni sai ya ji ya daina haki. Jijiyoyi da ƙashi kuwa sai sun ɗauki watanni kafin su yi ƙwari. Sai ya ga ai ya iya, ya ƙara nisa, kwatsam gwiwa ko ƙwauri ya zaunar da shi. Shi ya sa tsarin da hukumar lafiya ta NHS take ba masu farawa ya kai mako 9, sau uku a mako, kuma a makon farko gudun daƙiƙa 60 ne kawai, sai tafiyar daƙiƙa 90, a riƙa maimaitawa. Sauri ya haifi nawa. Mun sha ganin wannan a shugabanci: sabon shugaba ya zo da ƙwazo, ya jero ayyuka goma, shi bai gaji ba, amma jama'ar da za su ɗauki nauyin ba su yi ƙwari ba tukuna. Kafin shekara ta zagayo a kira taro a rasa masu zuwa. Wanda ya taɓa jinyar gwiwa saboda gaggawa ba ya yi wa mutane haka.

Masu gudun fanfalaki, na kilomita 42 da ɗoriya, sun san wani wuri wajen kilomita 30 inda sukarin da jiki ya tara a tsoka da hanta yake ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi, zuciya ta ce a tsaya. Wanda ya fi shan wuya a nan shi ne wanda ya kwasa da ƙarfi tun farko. Jagoranci ma yana da irin wannan wuri, lokacin da yabo ya ƙare, aiki ya rage, kowa ya koma harkarsa.

Amma abin da ya fi shiga raina shi ne na baya. A kowane parkrun akwai ɗan sa-kai da aikinsa kawai ya bi bayan kowa, ya raka wanda ya fi kowa nawa har ƙarshe, don kada a ce wani ne na kashin baya. Shugabanmu yakan karɓi wannan aiki da kansa. A nan yake jin damuwar wanda ya rasa aiki, da sabon zuwa da kaɗaici ya dama, maganganun da ba a faɗa a taro. Ba mai kaiwa shi kaɗai. Ko Eliud Kipchoge, ɗan gudun Kenya da ya gama fanfalaki ƙasa da awa 2 a birnin Biyena a 2019, sai da 'yan gudu 41 suka riƙa karɓa-karɓa suna daidaita masa taki.

Game da girma, ba mu ga ya zube ba. Kowa yana sa suturar da ta rufe shi, maza da mata, kuma yaranmu da suka ga dattijo ya fito cikin ruwan sama ya cika alkawari sun fi saurin jin maganarsa. In kai ma ka yi sha'awa, a shekarunka ka fara ganin likita, sannan ka soma da tafiya.