Ku Tambayi Baba Malam: Wane ne Bajamushen da ke kan adireshin Yayanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Malam, ya ƙoƙari? Yayanmu da ke Italiya ya samu ɗaki a birnin Roma, ya turo mana adireshi ta WhatsApp, sai muka ga sunan titin Gregorovius. Ya ce maƙwabcinsa ya faɗa masa wai sunan wani Bajamushe ne mawaƙi. Kakanmu, wanda asalin gidansu Salaga ne, yana jin haka ya ce ai ba wani ba ne, Malam Musa ne, Bajamushen nan mai jin Hausa da iyayensu ke ba da labari. Ni na ce ba shi ba ne, shi ya kafe. Wa ke da gaskiya? Kuma me Bajamushe ya yi wa Italiyawa har suka ba shi titi? Daga Sadiya, Nima, Accra.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yata. Ki gaishe min da angon naki, ki lallaɓa ki gaya masa wannan karon amarya ta kayar da shi. Mutum biyu ne daban.

Mai titin shi ne Ferdinand Gregorovius. An haife shi a 1821 a Neidenburg, wani ƙaramin gari na gabashin Furusiya wanda yau yake cikin Poland. Ya karanta ilimin addinin Kirista da falsafa a jami'ar Königsberg, amma bai yi limanci ba, ya ɗan taɓa koyarwa da aikin jarida. A 1852 ya nufi Italiya ba shi da wani abin kirki a aljihu. Ya fara da tsibirin Korsika, ya ratsa duwatsunsa a ƙasa, yana rubuta abin da ya gani yana aika wa wata jarida a Augsburg, da kuɗin nan yake ci. Kafin shekarar ta ƙare ya shiga Roma. Zaman da ya yi ke nan har shekara 22.

Maƙwabcin Yayanku bai yi ƙarya ba, mutumin ya yi waƙa. Yana da wasan kwaikwayo a kan sarkin Rumawa Tiberius, da doguwar waƙa ta 1858 a kan Pompeii, garin da aman dutse ya binne, ya kuma juya waƙoƙin wani mawaƙin Sisili zuwa Jamusanci. Amma in don waɗannan ne, ko lungu ba za a sa wa sunansa ba. Abin da ya ba shi titi tarihi ne: tarihin birnin Roma a tsaka-tsakin zamani, mujalladi 8, na farko ya fito a 1859, na ƙarshe a 1872.

Shi da kansa ya rubuta a kundin ajiyarsa cewa tunanin ya zo masa ne a 1854, yana tsaye kan gadar tsibirin da ke tsakiyar kogin Tiber yana kallon gari. Lokacin kowa ya san Roma ta sarakunan da, kowa ya san Roma ta manyan masu zane da magina na ƙarni na 16. Shekara dubu da ɗoriya da ke tsakani kuwa, daga sa'ad da Alaric, sarkin ƙabilar Goth, ya ci garin a 410 zuwa ɓarnar da sojojin Charles na Biyar, sarkin Spain da Jamus, suka yi a 1527, ba wanda ya tattara labarinsu wuri ɗaya. A kan wannan zamanin ya zauna. Garin da ya taɓa ɗaukar mutum wajen miliyan ya zube har ya koma 'yan dubbai. Dandalin da ake yanke hukuncin rabin duniya ya zama makiyaya, har sunansa ya koma filin shanu. Ana farfasa gumakan marmara ana ƙonawa don a samu farar ƙasar gini. Babban filin wasan nan, Colosseum, wani gidan sarauta ya mayar da shi ganuwarsa, gidan Colonna da gidan Orsini kuma suna yaƙar juna unguwa da unguwa, Paparoma kansa ya bar garin ya koma Avignon a Faransa daga 1309 zuwa 1377. Kakanki zai fi kowa gane wannan, don abin da ya sami Salaga ke nan bayan hanyar goro ta kauce mata a 1874, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa mutanenta: suna na nan, rijiyoyi na nan, amma kasuwa ta tashi.

Yadda ya yi aikin ne ya fi burge ni. Taskar takardun fadar Paparoma a rufe take ga irinsa, ba a buɗe ta ga masu bincike ba sai wajen 1881, bayan ya gama. To sai ya bi ta bayan gida. Ya je gidajen ibada na kan duwatsu irin su Monte Cassino da Subiaco, ya shiga ɗakunan ajiyar ƙananan garuruwa, ya ƙulla abota da manyan gidaje irin na Caetani har suka buɗe masa akwatunan kakanninsu. Inda aka ce an yi yaƙi sai ya je ya ga wurin da idonsa, a ƙasar da a lokacin zazzaɓin sauro ke kayar da mutane duk bazara. Ya koyi harshen mutane, ya zauna cikinsu. Har unguwar Yahudawan Roma, wadda aka killace tun 1555, ya shiga ya rubuta halin da suke ciki, a zamanin da masu yawon buɗe ido ke toshe hanci su wuce. Baƙo ne, shi ya sa idonsa ke sauka kan abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani. Amma baƙunta kaɗai ba ta isa ba, Turawa nawa suka kwana biyu a Kumasi suka koma suka rubuta mana shirme? Shi ƙafa ya sa, da haƙuri, da shekaru.

Sakamakon ya zo masa baki biyu. A 1874 cocin Katolika ya sa littafin tarihin Roman cikin jerin waɗanda aka haramta wa mabiya karantawa. A 1876 kuma majalisar birnin ta ba shi matsayin ɗan gari na girmamawa, shi ne Bajamushe na farko kuma ɗan Furotesta na farko da ya samu haka. Ba mamaki, don tun 1870 garin ya fita daga hannun Paparoma ya shiga sabuwar ƙasar Italiya, masu sabon mulki kuwa sun ji daɗin littafin da bai raga wa tsohon mulki ba. A nan nake jan kunnen mai karatu. Gregorovius yana da ɓangare: ɗan Furotesta ne mai kishin Jamus, ba ya son malaman coci su riƙe sarauta, kuma wannan na leƙowa cikin hukuncinsa. Malaman jami'o'in Jamus su ma sun riƙa yi masa kallon mawaƙin da ya shigo gonarsu. Ni dai a ganina waƙar ce ta cece shi. Da yawa cikin masu sukar tasa sai ƙwararru ke buɗe littattafansu yau, nasa kuwa har gobe ana bugawa. Ba kuma a ce ba ya adalci ba: littafinsa na 1874 a kan Lucrezia Borgia, 'yar Paparoma Alexander na Shida da aka yi shekaru ana jifa da sunan mai sa wa mutane guba, wasiƙu da takardun zamaninta ya bi, ya nuna yawancin zancen ba shi da tushe.

A 1874 ya koma Munich. Ya ƙara da tarihin birnin Atina na Girka a 1889, ya rasu ran 1 ga Mayu, 1891, yana da shekara 70.

Malam Musan Kakanki kuwa gaskiya ne an yi shi. Sunansa Gottlob Adolf Krause, an haife shi a 1850, ya koyi Hausa a Tarabulus. A 1886 ya tashi daga nan Accra ya bi Volta zuwa Salaga, ya wuce har Wagadugu, daga baya ya yi zaman kasuwanci a yankin. Masanin harsuna ne, kuma ya ɓata da gwamnatin ƙasarsa don ya zarge ta da kau da kai ga cinikin bayi a Togo. Ya rasu a Zurich a 1938.

In kuwa ana neman takwaran Gregorovius a wajenmu, mawaƙi masanin tarihi da ya ƙare rayuwarsa a ƙasar da ba a nan aka yanke masa cibiya ba, to namu ne: Alhaji Umaru na Karaci. Haifaffen Kano ne, ya zauna Salaga, yaƙin 1892 ya tura shi Kete-Krachi, wato Karaci, ya yi limanci can har rasuwarsa a 1934. Ya yi waƙa a kan yaƙin Salaga, da zuwan Nasara, da murar 1918, da talauci, cikin Larabci da Hausar ajami. Ya san Malam Musa, shi ne kuma ya rubuta wa Adam Mischlich, Bajamushen da ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906, labaran ƙasashen Hausa. Kofen rubuce-rubucensa suna Cibiyar Nazarin Afirka a Legon, tafiyar trotro ɗaya daga Nima. Ki tambayi Tsoho wannan sunan ki ga yadda zai gyara zama.

Tambaya: Baba, ina koyon Jamusanci saboda neman karatu a waje. Malaminmu ya ambaci wannan marubucin, Gregorovius, zan iya fara karatu da shi? Daga Nuhu, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ɗana, kada ka wahalar da kanka. Jamusancin ƙarni na 19 ne, jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi, tsofaffin bugun kuma da haruffan nan masu ƙayoyi aka yi su. Ka ci jarrabawarka tukuna. In labarin kake so, wata Baturiya mai suna Annie Hamilton ta juya tarihin Roman duka zuwa Turanci, yana nan kyauta a intanet. Ka fara da mujalladi na 6, inda Cola di Rienzo, ɗan mai gidan giya, ya ƙwace mulkin garin a 1347, mutanen da suka yi masa guɗa kuma suka kashe shi a 1354.