Na ɗauki wasan rock a waya sauti ya fashe, wai AI zai iya gyara min?

TAMBAYA: Assalamu alaikum injiniya. Ina karatu a Ingila, satin da ya wuce na je wasan wata ƙungiyar rock da na daɗe ina so, na kutsa har gaba dab da lasifika na ɗauki kusan awa biyu a wayata. Da na koma gida na kunna ba abin da ake ji sai gurnani, muryar mawaƙin kamar daga cikin rijiya take fitowa. Wani a intanet yace in tura masa fam 40 zai wanke min shi da AI ya koma kamar na situdiyo, in ya gama kuma in goge na farko tunda yana cin wuri. Hankalina a tashe yake don ba lallai in sake ganinsu ba. In biya? Sannan kunnena na hagu har yau bai daina ƙara ba.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka biya, kuma dan Allah kar ka goge komai, yanzun nan ka kwafi fayil ɗin zuwa kwamfuta yadda yake, ta kebul, kada ka tura wa kanka ta WhatsApp don shi matse sauti yake ya zubar da wani ɓangare.

Abin da ya faru da kai a bayyane yake. Wasan rock yakan kai desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 100 zuwa 110 a tsakiyar jama'a, a bakin akwatunan bas kuwa ya wuce haka, shi kuma makirufo ɗin waya ɗan ƙanƙani ne da aka yi don maganar mutum, da yawansu in ƙara ta kai wajen 120 sun gama aiki. Ga kuma manhajar wayar da ke rage murya da kanta duk lokacin da ganga ta buga sannan ta sake ɗagawa, shi yasa kake jin sautin yana shiga yana fita. Muryar mawaƙin ta ɓace ne saboda lasifikan da aka rataya a sama can tsakiyar fili suke harbawa, ta saman kanka suka wuce, kai bas kawai ka kwasa.

To yanzu maganar mai gyaran nan, wallahi wannan abu ya ishe ni, kusan kullum sai an kawo min irinsa. Ka buɗe fayil ɗinka a Audacity, manhajar gyaran sauti ce ta kyauta, ka zuƙo hoton sautin sosai. Sauti mai lafiya zaka ga yana hawa yana sauka da tsini, naka kuwa zaka ga samansa a shafe kamar an sa wuƙa an yanke, wani wurin ma ya zama kamar bulo guda. Wannan tsinin da aka yanke ba ɓuya yayi a wani lungu na fayil ɗin ba da za'a ce wani gwani zai tono shi, tun farko bai shiga wayar ba. Akwai manhajoji na gaskiya irin su iZotope RX da ke cike gurbin, ni ma ina aiki da su, amma kintace suke, suna duba gefe da gefe su zana abin da suke zaton ya kamata ya kasance a wurin. In yankewar kaɗan ce, nan da can, suna taimakawa ƙwarai. In kuwa makirufo ɗin ne da kansa ya shaƙe tsawon awa biyu, babu wani gefe mai lafiya da za'a dogara da shi a yi kintacen.

Abin da masu karɓar kuɗin nan suke yi na sani, don na ga aikinsu. Wani yaro ya taɓa kawo min fayil da aka "gyara" masa, na saka hedifon na saurara, an raba murya da kiɗa da AI, an danne hayaniyar mutane, an cusa bas, kuge na mai ganga yana wani shuu kamar ana watsa ruwa a kan kwano, tafin jama'a ya koma kamar ruwan sama a cikin leda. Da na duba hoton mitocin sautin sai na ga komai ya tsaya cak a wajen kilohaz 16, layi miƙaƙƙe, alamar an taɓa matse shi zuwa ƙaramin MP3 sannan aka sake ajiye shi a FLAC, wato nau'in fayil da baya zubar da sauti, don ya yi nauyi a ce mai inganci ne. Mayar da MP3 zuwa FLAC baya dawo da ko ƙwayar sauti ɗaya, girman fayil kawai yake ƙaruwa. Na ce wa yaron ina na asalin, yace ai an ce ya goge. A nan ne raina ya ɓaci, don da na asalin yana nan da ko yaya ne na rage masa gurnanin bas ɗin na ɗan fito da murya, kuma manhajojin suna ƙara kyau duk shekara, abin da ya gagara bana wataƙila a iya rage shi nan gaba, amma sai in asalin yana hannu. Duk wanda yace ka goge na farko bai san aikin ba, ko kuma baya so ka kwatanta ka gane ɓarnar da yayi. Masu tara irin waɗannan rikodin shekara da shekaru basa taɓa asali, kwafi ake gyarawa, kuma a rubuta wace na'ura aka yi amfani da ita da duk abin da aka yi wa sautin.

Kuma kar ka ɗauka ɗaukar cikin jama'a dole ta zama mara kyau. Wasu rikodin ƙungiyar rock ta Led Zeppelin na 1975 da 1977 da masoya suka fi yabo, wani mutum ne mai suna Mike Millard ya ɗauke su daga kujerar 'yan kallo a zauren Forum da ke Inglewood a Kalifoniya, da rikodar kaset Nakamichi 550 da makirufo na AKG. Kaset fa, amma kayan suna iya ɗaukar ƙarar kuma ya san inda zai zauna. 'Yan ƙungiyar Grateful Dead su kuma a 1984 suka ware wa masu ɗauka wuri na musamman bayan teburin miksa, inda injiniya ke daidaita sautin wasa, dubban rikodin ɗinsu suna nan a shafin intanet na Internet Archive kyauta, ka je ka saurari biyu ko uku. Ni a ganina mai kyau daga cikinsu ya fi wanda aka ja kai tsaye daga miksa daɗi, don shi na miksa an haɗa shi ne don zauren, sau da yawa murya tayi yawa gita tayi ƙasa, kuma ba ka jin jama'a.

In zaka sake, ka fara duba ko an yarda a ɗauka don ƙungiyoyi da yawa sun hana. In an yarda ka tsaya tsakiya kusa da teburin miksa, nan injiniyan yake saurare yana daidaita komai. Ƙaramar rikoda irin Zoom ko Tascam ta fi waya nesa ba kusa ba, ka kashe mai daidaita murya da kansa, ka ɗauka a WAV bit 24, wato fayil da baya matse sauti, ka bar allurar da ke nuna ƙarfin sauti tana kaiwa wajen desibel -12, ka ɗaga makirufo sama da kawunan mutane kuma ka daina juyawa.

Kunnenka ne ya fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2022 ta ce kada matsakaicin ƙara a wuraren wasa ya wuce desibel 100, kai kuma ka yi awa biyu a inda ƙarar ta fi ko'ina. Ƙarar da ta wuce sati a kunne ɗaya ba abin zama a jira bane, ka je wurin likitanka a satin nan ka faɗa masa inda ka tsaya da tsawon lokacin, in kuma kana jin kunnen ya toshe ko jinka ya ragu to yau ɗin nan zaka je. Ka ajiye hedifon tukuna, ko don sauraron wannan rikodin ɗin ne.