Amsa ga mai tambaya kan aikin masu sa barci a ɗakin tiyata

Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka ce kana shekarar ƙarshe a makarantar jinya, kana son sanin abin da masu sa barci suke yi a ɗakin tiyata, da abin da ya kamata mutum ya iya, da hanyar da ake bi a kai can. Ka kuma ce an gaya maka aikin ba wuya, allura ɗaya ce sai a koma gefe a jira likitan fiɗa ya gama.

Wanda ya gaya maka haka bai taɓa tsayawa a saitin kan majiyyaci ba. Magungunan da ake bayarwa suna tsayar da numfashi, suna saukar da jini, suna kashe tarin da ke hana amai shiga huhu. Abin da jiki yake yi da kansa ba tare da an sa shi ba, ka karɓe shi kenan, sai ka riƙe masa har a gama, sannan ka mayar masa. Yin allurar daƙiƙa talatin ne. Riƙon shi ne aikin.

Tun ran gini tun ran zane, saboda haka aikin yana farawa ne a gadon majiyyaci kafin ranar tiyata. Za ka tambayi ciwon zuciya, asma, ciwon suga, hawan jini, farfaɗiya, magungunan da yake sha musamman masu tsinka jini, da abin da jikinsa ba ya so. Tambayar da sababbi suke tsallakewa ita ce ko wani a danginsa ya taɓa rasuwa ko shiga mawuyacin hali a wajen sa barci. Akwai wata cuta ta gado da iskar sa barci da allurar sakzametoniyom mai kashe tsoka suke tayarwa: tsoka ta ƙage, iskar kabon da ake fitarwa daga huhu ta yi ta hawa, zuciya ta yi gudu, zazzaɓi mai tsanani ya biyo baya. Maganinta dantirolin, ana farawa da miligiram 2.5 a kowane kilo na nauyin jiki, kuma ba kowane asibiti ke ajiye shi ba. Tambaya ɗaya ta fi sauƙi.

Daga nan sai duba hanyar iska. Ya buɗe baki, yatsu uku za su shiga? Ya fito da harshe, ana hango beli ko harshen ya rufe komai? Wuyansa yana lanƙwasa baya? Haɓa ƙarama ce, akwai haƙori mai girgiɗi, akwai maƙoƙo? Sai a ɗora shi a ma'aunin ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka, daga mataki na 1, lafiyayye, zuwa na 5, wanda ba a sa ran zai rayu in ba a yi aikin ba. Na 6 na wanda ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mutu ne za a ɗauki sassan jikinsa. A gaya masa ƙa'idar barin ciki: awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa, jariri mai shan nonon uwa awa 4. Amma mai naƙuda, da wanda ya yi haɗari, da mai toshewar hanji, ko sun kwana ba su ci ba a ɗauka cikinsu cike yake, domin tumbinsu ba ya sauke abin da ke ciki yadda ya saba.

Da safe, kafin a shigo da kowa, a duba injin. Oksijin yana zuwa, akwai tukunyar ajiya cike a baya? Bututan ba sa yoyo? Na'urar zuƙe majina tana ja da ƙarfi? Fitilar ƙarfen leƙa maƙogwaro tana kamawa? Akwai jakar hura iska ta hannu ko da wuta za ta ɗauke? Kowane sirinji a rubuta masa suna da ƙarfinsa a take da aka zuƙa. Yawancin magungunan nan fari ne tas kamar ruwa, kuma sirinjin mai kashe tsoka da aka ɗauka a matsayin na kashe zafi yana barin mutum ido biyu, yana ji, ba ya iya motsi ko numfashi.

Lokacin sa barcin kansa, ana fara shaƙa wa majiyyaci oksijin zalla na minti 3 da takunkumi manne da fuska, don a cika huhu da guzuri. Lafiyayyen babba zai iya ɗaukar mintuna da dama da wannan guzurin ba numfashi. Mai juna biyu, da mai ƙiba sosai, da ƙaramin yaro, nasu yana ƙarewa da sauri ƙwarai. Sai maganin barci: furofofol miligiram 1.5 zuwa 2.5 a kilo ga lafiyayyen babba, a rage sosai ga tsoho. Wanda ya zubar da jini kuwa, cikakken furofofol zai iya kifar da shi gaba ɗaya, shi ya sa ake komawa ketamin, miligiram 1 zuwa 2 a kilo ta jijiya, don ya fi riƙe jini. Littafi yana ba ka adadi, halin wanda ke kwance a gabanka ne yake gaya maka nawa za ka tura.

Bututun numfashi, wanda ake zurawa ta maƙogwaro zuwa hanyar iska, shi ne inda aka fi samun asarar rai ta ganganci, bari in daɗe a nan. Ga mace babba lamba 7 ko 7.5, namiji 8, zurfinsa a bakin haƙora wajen santimita 21 ga mace, 23 ga namiji. In ya zarce, yakan faɗa reshen huhun dama domin shi ya fi miƙewa, huhun hagu ya saki, oksijin ya fara sauka. Mafi muni shi ne ya shiga hanyar abinci. Ƙirji zai iya yin kamar yana ɗagawa, kunne zai iya yaudararka, awon oksijin na yatsa zai iya zama lafiya na 'yan mintuna saboda guzurin da ka cika. Abin da ba ya ƙarya shi ne na'urar auna iskar kabon da ake fitarwa: in zanenta bai fito ba numfashi bayan numfashi, a zare bututun a koma takunkumi. In an gwada sau biyu bai shiga ba, a kira wanda ya fi ka ƙwarewa tun kafin gwaji na uku, a canja wani abu, matashi ko ƙarfen leƙe ko sandar jagora. Yawan cusawa yana kumbura maƙogwaro ya sa jini, har wanda ɗazu ake iya hura masa iska da takunkumi ya gagara. Rashin oksijin ke kashewa, ba rashin bututu ba. Saboda haka a ra'ayina wanda ya iya riƙe takunkumi da ɗaga muƙamuƙi ya fi wanda ya iya sa bututu kawai amfani nesa ba kusa ba, ko da yake ɗalibai duk bututun suke rububi.

Allurar baya ita ce za ka fi yawan yi in asibitinku na karɓar haihuwa. Laka tana ƙarewa wajen gaɓa ta 1 zuwa ta 2 ta ƙashin ƙugu a jikin babba, shi ya sa ake shiga ƙasa da nan, tsakanin ta 3 da ta 4. Sai ruwan laka ya ɗigo garau sannan a tura maganin kashe jiki bufibaken mai nauyi, na kashi 0.5 cikin ɗari, wajen mililita 2 zuwa 2.5 don fiɗar haihuwa. Maganin yana sakin jijiyoyin jini na rabin jiki, jini ya taru a ƙasa, awo ya faɗi. Sau da yawa tashin zuciya ko hamma ne ke fara sanar da kai kafin na'ura. A karkata mai cikin zuwa hagu don mahaifa ta ɗaga daga kan babbar jijiya, ruwa yana gudu, maganin ɗaga jini, efedirin ko fenilefirin, yana zuƙe a hannu tun kafin a soma. In ta ce hannunta ya mutu, muryarta ta yi ƙasa, bugun zuciya ya ragu, maganin ya hau sama. A shirya karɓar numfashinta. Shi ya sa ba a yin allurar baya sai kayan cikakken barci suna kusa. Ciwon kan da ke biyo baya, wanda ke tashi in an zauna ya lafa in an kwanta, yoyon ruwan laka ne, kuma siririyar allura lamba 25 ko 27 tana rage shi.

Ana cikin aiki, awon jini aƙalla duk minti 5, ido a kan oksijin, bugun zuciya, fitsari, ɗumin jiki, da abin da ke taruwa a kwalbar zuƙa da tsummokan da aka jiƙa. Babba yana da jini wajen mililita 70 a kilo. Yaro mai kilo 10 duk jininsa bai wuce mililita 800 ba, saboda haka abin da likitan fiɗa zai kira ɗan kaɗan zai iya zama kashi ɗaya cikin takwas na jikin yaron. Kai ne za ka faɗa, da murya, ko da wanda ke riƙe da wuƙar ya girme ka da shekara ashirin.

Tashi daga barci ma yana da nasa haɗarin. Ana warware maganin kashe tsoka da niyostigmin haɗe da atirofin, a zuƙe majina, a jira ya yi numfashi mai kyau ya bi umarni. Zare bututu a tsaka-tsaki, bai farka ba bai kuma yi nisa ba, shi ke sa maƙogwaro ya damƙe, musamman ga yara. A ɗakin farfaɗowa a miƙa shi baki da baki: abin da aka ba shi, jinin da ya zuba, abin da za a sa wa ido.

Game da abin da ya kamata ka iya, lissafi ne kan gaba. Kashi 1 cikin ɗari yana nufin miligiram 10 a kowace mililita. Lidoken, allurar kashe zafi a wuri ɗaya, na kashi 2, ga mai kilo 60 a kan miligiram 3 a kilo, miligiram 180 kenan, wato mililita 9 kacal. Wanda ya wuce iyaka zai ga majiyyaci yana cewa bakinsa ya mutu, kunnensa na ƙara, sai jijjiga, sai zuciya. Bayan lissafi sai sa allurar ruwa a jijiyar da ta ɓuya, karanta zanen zuciya, farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, babba da jariri. Sai natsuwa: ka iya zama awa huɗu ba abin da ya faru hankalinka bai tafi waya ba, kuma in abu ya ɓaci ka ba mutum uku umarni a fili ba tare da ihu ba.

Hanyar shiga uku ce. Ta farko, likita yana gama digirin likitanci da shekarar horo, sannan ya shiga horon ƙwarewa, shekara 4 a Amurka in an haɗa da shekarar horon, 7 a Birtaniya, da jarrabawa a matakai. Daga nan wasu su karkata ga yara, ko haihuwa, ko tiyatar zuciya da ƙwaƙwalwa, ko sashen kulawa ta musamman, ko asibitin masu ciwon da ya ƙi jin magani. Ta biyu ita ce taka: ka sami rajistar jinya, ka yi aiki a sashen kulawa ta musamman ko na gaggawa ko ɗakin tiyata, sannan kwas na musamman. A ƙasashe da dama yana ɗaukar wata 18 zuwa shekara 2. A Amurka sai ka yi aƙalla shekara ɗaya a kulawa ta musamman, sannan karatun wajen shekara 3 a matakin dakta. Birtaniya kuwa tsarinta ya dogara ne a kan likitoci da mataimaka masu aiki ƙarƙashinsu. Ta uku ita ce ta masu kula da injina da kayan aiki, kuma in babu nagari a cikinsu kowa a ɗakin yana ji a jikinsa. Tarayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya, wadda aka kafa a 1955, tana ɗaukar nauyin horo na ƙarin ƙwarewa, ka riƙa bibiyar sanarwarta.

Ka san kuma akwai kiran dare, akwai tsayuwa mai tsawo, kuma majiyyaci ba kasafai yake tuna fuskarka ba. Magungunan da ke sa maye suna hannunka kullum, shi ya sa ƙa'idar ƙirga su da sa hannun mutum biyu ba abin wasa ba ce.

Abin da za ka yi yanzu: ka nemi a tura ka ɗakin tiyata da na farfaɗowa a zagayenka na ƙarshe, ka buɗe littafi kana rubuta kowane aiki da ka taimaka a ciki, irin barcin da aka sa da matsalar da ta taso. Kafin ka biya kuɗin kowane kwas, ka tabbatar hukumar da ke ba da lasisin jinya a ƙasarka ta amince da shi, ka kuma tambayi majiyyata nawa ɗalibi yake yi da hannunsa ƙarƙashin kulawa kafin a yaye shi.