An ce mu tashi daga gidan gado saboda ambaliya, doka ta yarda?

Malam, ka ce gidanku na bakin kogin Haɗejiya tun zamanin kakanka, yanzu hukuma ta ce ku tashi, kana tambaya ko tana da wannan hurumin.

Tana da shi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, kuma zai iya soke izinin zama saboda maslahar jama'a. Ka tuna kogin da kakanka ya sani ba shi ne na yau ba: an gina madatsar Tiga da ta Challawa, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, ga ambaliyar da mutanen Ringim da Auyo suka gani a daminar 2022. Wurin da jiya tudu ne, yau fadama.

Amma sai an ba ka sanarwa a rubuce, maganar baki daga dagaci ba ta wadatar ba. Diyya kuma ta gini ce da shuka da itatuwa, ba ta tsurar ƙasa ba, nan mutane ke shan mamaki. Kada ka rushe komai kafin a kimanta, ɗauki hotuna, kuma kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. In kuɗin bai yi maka ba, nemi lauya a Dutse.