Shayin rage ƙiba: me ya sa nauyin yake dawowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 38, nauyina kilo 92, tsayina mita 1.62. Na shiga wani shirin rage ƙiba a WhatsApp, ana shan shayi safe da dare, an hana mu tuwo da shinkafa. Cikin mako biyu na sauke kilo 4, da na daina sai kilo 6 suka hau. Ina matsalar take? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Mafi yawan abin da kika sauke ruwa ne, ba kitse ba. Irin wannan shayi sau da yawa filasko ake sawa a ciki, aikinsa wankin ciki ne kawai. Barin tuwo kwatsam shi ma yana sa jiki ya saki ruwan da yake riƙe da shi, shi ya sa da kika daina, ruwan ya dawo, nauyin ya hau. Kilo ɗaya na kitse kalori kusan 7,700 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Kafin kilo 4 ya narke cikin kwana 14, sai an rasa kalori 2,200 kullum, wato kusan duk abincin yini guda.

Kada ki bar tuwo, rage shi za ki yi: malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, rabin faranti kuma zogale, alayyafo ko kabeji, da wake, ƙwai ko kifi don su riƙe ciki. Inda aka fi cutuwa shi ne mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori wajen 120 ne, ga shi ido muke auna shi da shi, musamman a garau-garau da ɗanwake. Ki riƙa auna shi da cokali. Lemon roba mai santilita 50 kuwa sukarinsa ya kai ƙaramin cokali 12 zuwa 13. Zoɓo da kunun aya na sayarwa ma sukari ake zuba musu ba ƙaƙƙautawa.

Ki yi tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, ko a tsakar gida ne. Rabin kilo a mako ya wadatar. Kilo 5 zuwa 9 cikin wata shida ya isa ya sassauta hawan jini da sukari. In sikeli ya tsaya na makonni, jiki ne ya rage abin da yake ƙonawa, a nan mutane suke karaya. Ki auna ƙugunki da tef, sau da yawa shi yana ci gaba da raguwa.

In kina shan maganin ciwon sukari ko allurar insulin, ki ga likita kafin ki rage abinci, don kada sukarinki ya faɗi.