Gidan mai na maƙwabtaka ya ɓata mana rijiya, me zan yi?

Wata baiwar Allah ta turo min saƙo, tace katanga ɗaya ce tsakaninsu da wani gidan mai, wata uku kenan ruwan rijiyarsu na warin fetur, in an ɗebo a bokiti sai kaga wani maiƙo yana sheƙi a sama, har yara sun daina wanka dashi. Yanzu kuma an kawo katafila ana tono tankin da ke ƙarƙashin ƙasa wai za a canza, manaja yace ai ba daga wajensu bane.

To Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Da farko dan Allah a daina sha da girki da ruwan nan, tafasawa bata maganin abin. Sannan ki sani ramin nan da suka buɗe shine shaidarki mafi girma, ranar da tifa ta juye yashi aka cike shi aka zuba kankare, rabin ƙararki ta tafi. Don haka gobe goben nan a rubuta takardar koke zuwa NMDPRA, su ke kula da gidajen mai tun bayan dokar man fetur ta 2021, a kai kwafi NOSDRA da aka kafa a 2006 domin malalar mai, da ma'aikatar muhalli ta jiharku. A tabbata an buga hatimin karɓa a kwafinki. A cikin takardar a nemi kar a cike ramin sai an ɗebi samfurin ƙasa a gaban wakilinki, in suka ƙi lauyanki na iya neman umarnin kotu na wucin gadi.

Wajen ɗibar samfurin nan ne ake yiwa mutane wayo, shi yasa zan ɗan tsaya. Fetur yana bin iska, ƙasar da ta kwana biyu a rana za ta iya fitowa tas a gwaji. Dole a kankare saman a ɗebo daga ciki, kuma daga ainihin ƙasar wurin ba yashin da aka zuba kewaye da tanki ba. A ɗeba a ƙasan ramin daidai inda kowane bakin tankin ya zauna, a ɗeba a bangon ramin musamman wanda ke kallon gidanki, da ƙarƙashin mahaɗar bututu da famfunan sayar da mai domin sau da yawa daga can yoyon yake, har tulin ƙasar da katafila ta ajiye gefe. Kar ki yarda a cakuɗa su waje ɗaya ace samfur guda ne, mai tsabta zai sirka mai dauɗa. A kwalbar gilashi ake zubawa a cika ta maƙil a rufe, a rubuta wuri da zurfi da lokaci, a saka a cikin kula mai ƙanƙara. Na taɓa ganin wanda ya kawo min ƙasa a baƙar leda tayi sati a but ɗin mota, wallahi na tausaya masa, ba abin da za ta tabbatar. Ruwan rijiya ma haka, kwalba cike ba kumfar iska. Ki nemi a raba kowane samfur biyu, naki ya tafi ɗakin gwajin da hukuma ta amince dashi, kuma duk wanda kwalbar ta bi ta hannunsa ya sa hannu. A ƙa'idojin EGASPIN, wato ƙa'idojin kare muhalli na harkar man fetur a Najeriya, in mai ya kai miligiram 5,000 a kilo ɗaya na ƙasa dole a gyara, amma ko bai kai ba kina da hakkinki in ruwanki ya ɓaci.

A kotu akwai ƙarar sakaci, da ta cutar da maƙwabci, da ƙa'idar Rylands da Fletcher ta 1868 wadda tace duk wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa ya tsere ya yi ɓarna shi zai biya. Ki adana rasit na ruwan da kuke saya da na asibiti, bidiyon waya kuma yana buƙatar takardar tabbatar da sahihancinsa da sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya tanada.

In sun nemi sulhu ta hannun mai unguwa ba laifi, amma kar ki sa hannu kan takardar yafe komai kafin sakamakon gwaji ya fito, kuma alkawarin tona miki sabon bohol ya zama a rubuce, da sharaɗin a gwada ruwansa kafin ki karɓa.